Taƙaddamar kawar da mutum-mutumin fataken bayi da 'yan mulkin mallaka

A ranar 7 ga watan Yunin shekara ta 2020, wasu daga cikin dubban masu zanga-zangar ƙyamar wariyar launin fata a birnin Bristol na Ingila suka ɗaura igiya a wani mutum-mutumi na tagulla, suka jawo shi ƙasa, suka mirgina shi har tashar jiragen ruwa suka jefa shi ciki. Mutum-mutumin Edward Colston ne, wani attajiri da ya rasu tun a 1721. Lamarin ya zo ne makonni biyu bayan kisan George Floyd a hannun 'yan sandan Amurka, ya kuma sake rura wutar wata muhawara da aka daɗe ana yi a nahiyoyi daban-daban: shin ya dace a ci gaba da barin siffofin mutanen da suka yi zalunci a tsakiyar dandali, ko kuwa kawar da su tamkar share tarihi ne?

Mutumin da ke da fuska biyu

An haifi Colston a Bristol a shekara ta 1636. Daga 1680 zuwa 1692 ya kasance cikin kamfanin Royal African Company, wanda a lokacin shi kaɗai masarautar Ingila ta amince ya yi fataucin bayi daga yammacin Afirka, har ya kai ga muƙamin mataimakin shugaban kamfanin. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a waɗannan shekaru kamfanin ya yi jigilar 'yan Afirka kimanin dubu 84, maza da mata da yara, kuma wajen dubu 19 daga cikinsu sun mutu a hanya kafin a kai gaci. Akan yi wa bayin lalas da haruffan sunan kamfanin a jikinsu.

To amma Colston ɗin nan dai shi ne ya gina makarantu da gidajen gajiyayyu, ya kuma taimaka wa asibitoci da majami'u a garinsu. Da wannan fuska ce birnin ya riƙa tunawa da shi, aka laƙaba sunansa a tituna da makarantu da babban zauren wasanni.

Abin lura a nan shi ne shekarar da aka kafa mutum-mutumin, wato 1895, shekaru 174 bayan mutuwarsa. Kafin wannan lokaci Birtaniya ta riga ta haramta cinikin bayi tun 1807, ta kuma soke bautar kanta a mafi yawan yankunan mallakarta da dokar 1833. Ke nan waɗanda suka kafa shi ba su jahilci munin sana'ar ba. Duk da haka allon da suka manna a jikin ginshiƙin ya bayyana Colston a matsayin ɗaya daga cikin 'ya'yan birnin mafiya nagarta da hikima, bai ce uffan game da bayi ba. Wasu attajiran ƙarshen ƙarni na 19 ne ke neman gwarzon da za su nuna wa talakawa a matsayin abin koyi, ko kuɗin aikin ma da ƙyar aka harhaɗa.

Mazauna birnin sun shafe shekaru suna koke. A 2018 an amince a ƙara wani allo da zai ambaci bayin, sai gardama ta kaure a kan kalmomin da za a rubuta, aka yi ta gyara ana sassautawa har maganar ta shiririce. Wannan jan ƙafa shi ne hujjar da masu goyon bayan abin da ya faru a 2020 suka fi kafawa.

Wa ya kafa, kuma yaushe

Irin wannan tazara tsakanin mutum da mutum-mutuminsa ta fi fitowa fili a Amurka. An yi yaƙin basasar ƙasar daga 1861 zuwa 1865, inda jihohin kudu suka ɓalle domin kare tsarin bauta, aka kuma ci su da yaƙi. Sai dai akasarin siffofin janar-janar ɗinsu ba a ƙarshen yaƙin aka kafa su ba. An kafa su ne daga wajajen 1890 zuwa 1920, daidai lokacin da jihohin kudu ke shimfiɗa dokokin wariya suna hana baƙar fata jefa ƙuri'a, kuma da yawansu a harabar kotuna da majalisu aka girke su. An sake samun ƙarin wasu a shekarun 1950 da 1960, lokacin da baƙar fata ke fafutukar neman 'yancinsu. Shi kansa Janar Robert E. Lee, wanda ya jagoranci sojojin kudu, ya nuna a wata wasiƙa ta 1869 cewa bai ga hikimar kafa abubuwan tunawa da yaƙin ba, domin kada a riƙa fama gyambo.

Muhawarar ta ɗauki zafi bayan wani matashi farar fata ya harbe mutane 9 a wata majami'ar baƙar fata a Charleston a watan Yunin 2015. A watan Agustan 2017 masu aƙidar fifita farar fata suka yi gangami a Charlottesville domin hana cire mutum-mutumin Lee, ɗaya daga cikinsu ya kutsa da mota cikin masu adawa da su ya kashe wata mata mai suna Heather Heyer. An cire mutum-mutumin a 2021, aka narkar da shi a 2023.

Wannan duka yana nuna cewa mutum-mutumi a dandali karramawa ce da masu iko na wani zamani suka yanke shawarar yi, da manufar da suke son cimmawa. Tarihin da yake ɗauke da shi ya fi shafar waɗanda suka kafa shi fiye da wanda aka siffanta.

Hujjojin masu cewa a bar su

Ɓangaren da ke adawa da cirewa ba duka ne masu wariya ba, kuma wasu daga cikin hujjojinsu na da nauyi. Shugaban Faransa Emmanuel Macron ya faɗa a watan Yunin 2020 cewa ƙasarsa ba za ta share wani suna daga tarihinta ba, ba kuma za ta tumɓuke ko da mutum-mutumi guda ba. Gwamnatin Birtaniya ta fito da manufar a bar su a inda suke amma a yi bayani a kansu, sannan wata doka ta 2022 ta ɗaga hukuncin lalata irin waɗannan wurare zuwa ɗaurin da zai iya kaiwa shekaru 10.

Hujjar da aka fi ji ita ce bai kamata a auna mutanen da da ma'aunin yau ba. Wannan magana tana da rauni a wurare da dama, domin ko a zamanin nasu an samu masu Allah wadai. Sarki Leopold na biyu na Beljiyam, wanda ya mallaki Kwango a matsayin gandunsa daga 1885, ya sha suka tun yana raye saboda kashe-kashe da yanke hannuwan waɗanda suka kasa kawo adadin roba da aka ɗora musu, har ta kai gwamnatin Beljiyam ta karɓe yankin daga hannunsa a 1908.

Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce ta iyaka: idan aka fara, ina za a tsaya? George Washington da Thomas Jefferson duk sun mallaki bayi. A London sai da aka killace mutum-mutumin Winston Churchill da katako a 2020 bayan an rubuta masa kalmar ɗan wariya. Abin da ya faru a Ghana kuwa ya nuna cewa tambayar ba ta Turawa ce kaɗai ba. A watan Yunin 2016 shugaban Indiya na lokacin, Pranab Mukherjee, ya ƙaddamar da mutum-mutumin Mahatma Gandhi a Jami'ar Ghana da ke Legon. Nan da nan wasu malaman jami'ar suka rubuta koke, suna kafa hujja da kalaman ƙasƙanci da Gandhi ya rubuta game da baƙar fata lokacin zamansa a Afirka ta Kudu. An cire shi a watan Disamban 2018. Gandhin nan dai shi ne wanda Martin Luther King da Nelson Mandela suka yaba da gwagwarmayarsa.

Akwai kuma batun hanya: hukuma ce za ta cire bayan shawara, ko taron jama'a da igiya? An gurfanar da mutane huɗu a kan na Colston, amma a watan Janairun 2022 masu taya alƙali shari'a suka wanke su. Daga bisani kotun ɗaukaka ƙara ta fayyace cewa 'yancin zanga-zanga ba kariya ba ne ga wanda ya yi mummunar ɓarna, kodayake hakan bai soke wankewar ba.

Bayan an cire, sai ina?

An tsamo Colston daga ruwa bayan kwana huɗu. Tun daga 2024 yana baje a gidan tarihi na M Shed a Bristol, a kwance, da fentin da aka watsa masa, tare da bayanin yadda ya tara dukiyarsa. Ƙasar Hungary ta tattara siffofin zamanin kwaminisanci a wani fili a bayan birnin Budapest tun 1993. A Indiya ma an jibge wasu na sarakuna da gwamnonin Ingila a wani lambu a Delhi, inda ba kasafai ake kai musu ziyara ba.

Cecil Rhodes, wanda ya mamaye ƙasashen da suka zama Zimbabwe da Zambiya, ya gamu da makoma iri biyu. A Jami'ar Cape Town wani ɗalibi, Chumani Maxwele, ya watsa wa mutum-mutuminsa kashi a ranar 9 ga Maris ɗin 2015, bayan wata guda cif aka ɗauke shi. A Oxford kuwa hukumar kwalejin Oriel ta nuna niyyar cire nata a 2020, sannan ta janye a 2021 bisa dalilin tsada da wahalar samun izini, ta wadatu da kafa allon bayani.

Cirewar ma ba lalle ne ta dawwama ba. A 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta mayar da mutum-mutumin Albert Pike, wani janar na sojojin kudu, wurinsa a birnin Washington, shekaru biyar bayan masu zanga-zanga sun kayar da shi.

A Afirka da ƙasashen Musulmi

Ƙasashen Afirka sun riga Turai shiga wannan aiki. Sudan ta sauke siffofin Janar Gordon da na Kitchener a Khartum a ƙarshen 1958, aka mayar da su Ingila ba tare da wata hayaniya ba. A Kinshasa an gwada sake kafa na Leopold a 2005, amma bai yi kwana biyu ba aka sauke shi.

Ga al'ummar Musulmi akwai wani ɓangare na daban, domin galibin malamai ba su halatta sassaƙa siffar mai rai ba, ko ta azzalumi ko ta adali. Shi ya sa wasu ke kiran duk irin wannan abu gunki, alhali gunki shi ne wanda ake bauta wa. Ya kamata kuma a bambanta wannan muhawara da rusa gumakan Buddha na Bamiyan da 'yan Taliban suka yi a 2001, ko rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu a 2012, wanda a kansa kotun duniya ta ICC ta yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ɗaurin shekaru 9 a 2016. Waɗancan kayan tarihi ne na ɗaruruwan shekaru, kuma ba wanda ya zarge su da ɗaukaka azzalumi.

A wuraren da ba a saba da mutum-mutumi ba, da suna ake karrama mutum, don haka a kan sunaye rigimar kan faɗa. Babban birnin Chadi ya amsa sunan Fort-Lamy, wato sunan hafsan Faransa da ya mutu a yaƙi da Rabeh a 1900, har zuwa 1973 da aka sauya shi zuwa N'Djamena. A watan Oktoban 2024 hukumomin sojan Nijar suka cire sunan Charles de Gaulle daga wani babban titi a Yamai suka sa na Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba da ya nemi a kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da tayin de Gaulle a zaɓen raba gardama na 1958. A rana guda aka maye gurbin hoton Parfait-Louis Monteil, hafsan Faransa da ya ratsa Say da Sakkwato da Kano da Kukawa a farkon shekarun 1890, da na Thomas Sankara. Matakin ya zo ne bayan dangantaka ta yi tsami tsakanin Faransa da sojojin da suka karɓi mulki a 2023.

A Nijeriya maganar ba ta taɓa yin zafi irin haka ba. Dakarun Frederick Lugard ne suka ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma a shekarar ce aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi. Zauren da majalisar dokokin jihar Kaduna ke zama a cikinsa sunan Lugard yake amsawa, haka ma gidan gwamnatin jihar Kogi da ke Lokoja.