Wutar Kainji da Itacen Fako: Nazarin Makamashi da Manufar Yanayi a Gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyi uku da makamashi ke shiga gidajen ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, a jihar Dosso ta Nijar: wutar lantarki, man fetur da itacen girki. Ta dogara ne ga dokoki da manufofin da gwamnatin Nijar ta fitar, da abubuwan da suka faru daga 2023 zuwa 2025. Abin da ta gano shi ne, biyu na farko maganarsu a Nijeriya ake yanke ta, na ukun kuwa, wanda ya fi su nauyi a rayuwar talaka, shi kaɗai ne ke hannun manomi, kuma a kansa manufar yanayi ke iya yin tasiri da gaggawa.

1. Gabatarwa

Har zuwa 2011 Dogon Dutsi da Tibiri gunduma ɗaya ce. A waccan shekarar aka raba su, Tibiri ta tafi da Geceme, Dumega da Kore Mai Ruwa, Dogon Dutsi ta riƙe Matankari, Kiyeshe, Ɗan Kasari, Dogon Ƙirya da Sukukutan. Ƙidayar 2012 ta ba su mutane fiye da dubu 600 a haɗe. Ƙasar iri biyu ce: kwarin Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa kuma ake noman rani, da tudun fako mai duwatsu inda geza da sabara da taramniya ke fitowa. A gabas kuma ga iyakar Nijeriya, jihohin Kebbi da Sakkwato. Duk wanda zai yi maganar makamashi a nan, daga wannan iyaka zai fara.

2. Lantarkin aro

Tun 1976 layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai ta Dosso, yana ɗauko wutar da tushenta madatsar Kainji ce, wadda aka kammala a 1968, shekarar da aka kafa kamfanin lantarki na Nijar, NIGELEC. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke amfani da shi daga Nijeriya yake zuwa. Ya fi na injinan gazuwal araha, shi ya sa gwamnatoci suka yi ta ɗage gina nasu.

An ga abin da aro ke jawowa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta yanke wuta a farkon Agusta, ba ta maido ta ba sai a Maris 2024. Abin da Nijar ta jingina da shi a yammacin ƙasar shi ne injinan Goru Banda da tashar hasken rana mai megawat 30 da ke kusa da su. Madatsar Kandaji, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130, ba ta kammalu ba a lokacin. Idan wuta ta yi ƙaranci kuwa, babban birni ake fara kallo, garuruwan ƙarshen layi su jira.

Amma kada a kambama wannan asara fiye da kima. Mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a Nijar, a karkara kuma adadin ya yi ƙasa sosai. Yawancin ƙauyukan Arewa ba su rasa lantarki ba a 2023, domin dama ba su da shi. Wanda ya ji jiki shi ne mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, da gidan likita mai ajiye allurar riga-kafi a firji. Manufar ƙasa ta 2018 ta sa burin kai wuta ga kashi 80 na jama'a zuwa 2035, an kuma ƙaddamar da aikin gina sabon layi mai kilobolt 330 daga Birnin Kebbi a 2022. Shi ma dai bakinsa a Nijeriya yake.

3. Mai a ƙarƙashin gona, mai a cikin kwalba

Nijar ta zama mai haƙo fetur a 2011, da buɗe matatar SORAZ a jihar Damagaram, mai tace ganga dubu 20 a rana. Duk da haka, shekara da shekaru mai injin ban ruwa a fadama, da ɗan kabu-kabu, da mai injin niƙa, man kwalba na bakin hanya suke saye, wanda ake shigowa da shi daga Nijeriya saboda tallafin da gwamnatin can ke zubawa. Wato a wancan lokaci baitulmalin Abuja ne ke rage wa mai noman dankalin Turawa na Dogon Dutsi kuɗin shayar da lambunsa, ba tare da kowa ya tsara hakan ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin, farashi ya ninka kusan sau uku a Nijeriya, ribar fasa-ƙwauri ta zube. Jama'a suka koma gidajen mai na hukuma, buƙata ta fi ƙarfin SORAZ, har aka shiga ƙarancin mai na Maris 2025.

A daidai wannan lokaci ne bututun mai na kusan kilomita 2,000, daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, ya fara aiki, inda jirgin farko ya yi lodi a Mayu 2024. Bututun ya ratsa jihar Dosso. Ɗanyen mai yake ɗauka zuwa kasuwar duniya, don haka ko lita ɗaya ba ya sauke wa garuruwan da yake wucewa. Abin da ya kawo wa Tibiri da wuri shi ne matsalar tsaro: a Yuni 2024 an kashe sojoji shida masu gadinsa a wannan yanki.

4. Itace

Nan ne nauyin maganar yake. Fiye da kashi 70 na makamashin da ake ƙonewa a Nijar itace ne da dangoginsa, kuma gidaje tara cikin goma da shi suke girki. A Arewa mace ce ke ɗauke da wannan lissafi: ita ke zuwa daji, ita ta san nisan da sabara ta yi bana fiye da bara, ita ke komawa ga karan hatsi da kashin shanu idan itace ya yi wuya. Wannan komawa tana da tsada ɓoyayyiya. Karan da aka ƙone da taki da aka ƙone, abincin ƙasa ne aka hana ta, kuma gonar jigawa da aka bari tsirara iskar bazara ke kwashewa. Ƙirya, wadda maƙera ke so saboda ƙarfin gawayinta, tana da jinkirin girma, ba ta maye gurbin kanta da saurin da ake sare ta.

Hukuma ta daɗe da sanin haka. Taron Maraɗi na 1984 ya ɗaura ɗamarar yaƙi da hamada. Daga 1989 aka shiga tsarin makamashin gida, kuma dokar 1992 ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye ke kula da dajinsa, ya sayar, ya riƙe wani kaso na haraji. An yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi. Bayan buɗe SORAZ aka sa wa iskar gas tallafi. Sai dai an gina waɗannan matakai ne da tunanin ciyar da birane, musamman Yamai. Matar da ke tsinto itace ba da kuɗi ba, ba ta da dalilin sayen tukunyar gas da za a yi tafiya mai nisa kafin a cika ta.

Abin da ya yi aiki a karkara ya fito ne daga gona. Sassaben zamani, wanda ya bunƙasa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, ba dashe ba ne: manomi ne ke barin tohon kututture idan ya zo sassabe, ya zaɓi ƙarfafa biyu ko uku, ya datse sauran. Ana ƙiyasta cewa hanyar ta maido da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo ya fi dacewa da ita, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya ba dabba abinci. Reshen da aka datse shi ne itacen girki. Sharaɗinta ɗaya ne: manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba za a ci shi tara ba in ya taɓa shi, ba kuma wani zai zo da dare ya sare ba. Dokar gandun daji ta 2004 ta buɗe ƙofa, sannan dokar 2020 kan sassaben zamani ta amince da haƙƙin wanda ya raini itace a gonarsa.

5. Manufar yanayi a ma'aunin Arewa

Nijar ta amince da yarjejeniyar Paris a 2016, ta sabunta alkawarinta a 2021. Hayaƙin da ɗan Nijar ke fitarwa daga mai da kwal bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tan guda a shekara ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Saboda haka rage hayaƙi ba shi ne ainihin matsalar Arewa ba. Matsalarta ita ce jure wa damina mai gardama da ƙasa mai gajiya. Mafi yawan alkawarin na 2021 ma an rataya shi ne a kan tallafin waje, wanda ya ja baya bayan 2023.

A ganin mai wannan nazari, abu biyu ne ba sa jiran Abuja ko masu ba da tallafi. Na farko, famfon hasken rana a fadamun Dallol Mawri, inda ruwa ke kusa, domin ya raba mai lambu da farashin lita. Cikas ɗinsa kuɗin saye ne na farko, wanda bashi ta hanyar ƙungiyoyin manoma zai iya sauƙaƙawa, da sharaɗin a riƙa auna zurfin rijiyoyi, tun da ruwan da ba a biyan kuɗin ɗagowa an fi yin ɓarnarsa. Na biyu, a kai dokar 2020 inda ake rigimar itace a zahiri, wato gaban maigari da hakimi da ma'aikacin gandun daji da hukumomin filaye na ƙananan hukumomi. A nan akwai tambayar da dokar ba ta warware wa Arewa ba: gonar aro da ta jingina suna da yawa, makiyayi kuma yana da tsohon haƙƙin sassako ganyen gawo bayan an kwashe amfani. Wanda ke noma gonar da ba tasa ba, da wuya ya raini itacen da mai gona zai iya ɗauka a matsayin yunƙurin ƙwace fili.