Yadda Aka Gano Lissafin Ledar da Ke Cin Ƙarfe

Goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege, musamman bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, kuma a ganye ake naɗe shi. Sai a 1933 Eric Fawcett da Reginald Gibson na kamfanin ICI a Ingila suka ci karo da sinadarin foliyetilin, wanda da shi ake yin leda. Yau burodin Agege a cikinta yake, haka ruwan fiya wata da ya cika gari tun shekarun 1990.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin fiya wata ya ga abin mamaki. Leda tana saukowa daga naɗinta, ta bi kan rola, ta lanƙwashe a wuyan ƙarfen da ke mayar da ita buhu. Shafa wuyan nan bayan an daɗe ana aiki, za ka ji gefensa ya yi kaifi, wani wurin har ya yi kwari. Sai leda ta fara yagewa, ruwa na yoyo, makaniki ya ce, "Ai ya cinye." Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya: injin da ke fitar da leda kusan 2,000 a awa, kowace tsawonta kamar santimita 15, yana jan leda kilomita 3 cikin awa 10.

An daɗe ana neman lissafin wannan zaizaya. Theodor Reye ya fara a 1860, amma dokar da injiniyoyi suka riƙe ta John Archard ce, ta 1953. Ya nuna cewa ƙarfen da ke zubewa yana ƙaruwa da ƙarfin dannawa da nisan gogayya, yana raguwa gwargwadon taurin ƙarfen. A 1966 rahoton Peter Jost ya shaida wa gwamnatin Birtaniya cewa kula da gogayya zai iya tsimin fam miliyan 515 a shekara.

Sai dai leda ba ta kai ƙarfe tauri ba, to da me take cinsa? Da abin da ta ɗauko. Masu yin ta suna zuba garin silika don kada ta manne da juna, ga farin launi na titaniyom, ga yashin ledar bola da aka sake narkawa, ga ƙura. Ƙwayar yashi ta fi yawancin ƙarfen inji tauri, ita ke kartarsa.

Lissafin Archard kuwa ya bar adadi guda da ba a ɗauko shi daga littafi, sai an auna a jikin injin. A nan nake ganin masu ƙananan masana'antunmu suna asarar da ba dole ba. Littafi ɗaya ya isa: a rubuta naɗin leda nawa aka ja, a auna zurfin kwarin duk wata, a lura da ledar wane dillali ta fi ci. Mai yin haka zai san watan da zai kai wuyan a yi masa rufin kurom, tun kafin inji ya tsaya ana tsakiyar zafi, lokacin da ciniki ya fi kankama.