Tawakkali

Tawakkali (suna, namiji; asalinsa Larabci): dogaro ga Allah tare da sakankancewar cewa yana tare da bawansa, yana kuma jin ƙansa, komai tsananin lamari. Akan ce "ya yi tawakkali". Makusantansa su ne dangana da haƙuri, kishiyarsa yanke ƙauna.

Malamai kan buga misali da Hijira ta shekarar 622. Annabi Muhammadu (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɓuya kwana uku a kogon Saur, masu nemansu suka iso har bakin kogon, Annabi ya kwantar wa abokinsa hankali da tuna masa cewa Allah bai bar su ba. Amma tun kafin su fito sun tanadi raƙuma biyu, guzuri da ɗan jagora, suka fara nufar kudu alhali Madina tana arewa. Shi ya sa naɗe hannu ba ya cikin ma'anar.

A karkara ana ganin tawakkali wajen manomi mai binne: ya sari busasshiyar ƙasa da sungumi, ya jefa gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu, ya rufe da diddige, tun hadari bai haɗo ba. In irin ya lalace, ya sake shuka bayan ruwan farko.