Sarautar Sarkin Makaɗa a Arewacin Zamfara

Tun zamanin da, makaɗan ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna da shugabansu, watau Sarkin Makaɗa, wanda sarki ke naɗawa. Shi ke sasanta su in sun yi jayayya, ya kuma tsare wa kowa gadonsa: kotso da taushi na sarakuna, kalangu na mahauta. Cikin wannan tsari Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya tashi, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Sa'ad da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sai ƙarfin sarakuna ya ragu, makaɗa kuwa suka karkata ga attajirai da 'yan siyasa. Sarautar ta wanzu, amma ikonta ya raunana.