Skales: Ɗan Kaduna Da Waƙarsa Ta Ƙetare Teku

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin waƙar baka ya san yadda malamanmu suka kasa makaɗan Hausa. Akwai makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Sarkin Taushin Katsina, waɗanda ke da ubangida tsayayye, cinsu da shansu da suturarsu duk a wuyansa suke. Akwai kuma makaɗan jama'a, irin su Shata da Ɗanmaraya Jos, waɗanda kowa nasu ne, in waƙa ta karɓu su ci, in ba ta karɓu ba su haƙura. Nufin wannan 'yar maƙala shi ne ta bi tarihin wani mawaƙin zamani wanda ya ɗanɗana zaman nan duka biyu, watau Skales. Na san wani zai ce me ya kawo shi mujallar Hausa, alhali ba Bahaushe ba ne, kuma ba da Hausa yake waƙa ba. Amsa ita ce a Kaduna ya tashi, kuma labarinsa tsohuwar maganar nan ce ta bara da ubangida, riga kawai ta sake.

Kaduna da tashinsa

Sunansa na yanka Raoul John Njeng-Njeng. An haife shi ran 1 ga Afrilu, 1991, ya kuwa girma a Kaduna a hannun mahaifiyarsa, wadda ita kaɗai ta ɗauki wahalar renonsa. Tashin yaro irinsa a nan ba abin mamaki ba ne, domin Kaduna tun asalinta garin baƙi ce. Tun da Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da barikin soja da ofisoshin gwamnati, sa'an nan masaƙun Kakuri daga 1957, suka riƙa jawo mutane daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Garin kuma yana da tarihin kiɗa. Gidan rediyon da aka buɗe a 1962 shi ya kai muryoyin su Shata har Nijar da Gana da Kamaru, kuma a nan ne Bala Miller da ƙungiyarsa suka riƙa waƙar Hausa da kayan kiɗan Turawa.

Amma Kadunar da Skales ya buɗe ido ya gani ta riga ta fara sauyawa. A shekarar 2000, wadda a cikinta ya soma rubuta waƙoƙinsa yana ɗan shekara tara, aka yi rikicin nan da ya sa kogi ya zama kamar iyaka tsakanin mazauna gari. Masaƙu kuma suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Manyan kamfanonin faifai kuwa dama a Ikko suke. Saboda haka yaron da ke son ya ci abinci da muryarsa ba shi da zaɓi sai ya ɗauki jaka. Tsakanin 2007 da 2008 ya riƙa zuwa Jos, inda ya yi aiki da Jesse Jagz da Jeremiah Gyang. A 2008 ya shiga gasar mawaƙa ta kamfanin waya na Zain, ya zo na ɗaya a shiyyar Arewa ta Tsakiya.

Zaman gidan ubangida

A 2009 ya sa hannu da kamfanin E.M.E. na Banky W. a Ikko. To, a nan ne kamancin da na ambata ya fito fili. Kamfanin faifai shi ne fadar wannan zamani: shi ke biyan kuɗin ɗaukar murya da na hoto, shi ke kai waƙa gidajen rediyo, shi kuma ke cewa wannan waƙa ta fita yau, waccan ta dakata. Bambancin kawai shi ne sarki da alheri yake riƙe makaɗinsa, kamfani kuwa da takardar yarjejeniya da lissafin riba.

A gidan nan akwai wani bara, sa'arsa, watau Wizkid, wanda faifansa na farko ya fita a 2011 ya game ƙasa. Skales ya yi waƙoƙin da aka sani, kamar "Mukulu", ya kuma fito a faifan haɗin gwiwa na 'yan gidan a 2012, amma har zamansa ya ƙare bai sami babban faifai nasa na kansa ba. A farkon 2014 yarjejeniya ta ƙare, ba a kuwa sabunta ta ba. Shi da bakinsa ya sha faɗin cewa a lokacin nan har wurin kwana ya gagare shi, sai da mawaƙi Timaya ya ba shi masauki. Wanda ya san halin makaɗin da aka sallama daga fada ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Waƙar da aka yi ba ubangida

Wani hani ga Allah baiwa ne. A cikin wannan hali ne, a 2014, ya fitar da "Shake Body", wadda Jay Pizzle ya haɗa wa kiɗa. Waƙar rawa ce da Turancin Buroka, amshinta gajere, kiɗanta mai tsuma jiki. Ba ta da zurfin ma'ana irin wadda muke nema a aji, kuma ba na jin mai ita ya taɓa cewa tana da shi. Abin lura shi ne babu wani babban gida a bayanta sa'ad da ta fita, jama'a ne suka ɗauke ta suka kai ta wuraren biki da gidajen rediyo. Watau ya fita daga sahun makaɗan fada ya faɗa na makaɗan jama'a ba da shirinsa ba. Albarkacinta ya sami shiga kamfanin Baseline, ya fitar da faifansa na farko, "Man of the Year", a 2015, da na biyu a 2017. Ya kuma kafa nasa kamfanin, OHK. A 2022 mahaifiyarsa ta rasu, kuma a shekarun nan sababbin mawaƙa sun sha gabansa, har wasu na ganin tasa ta ƙare.

Sai ga abin da babu wanda ya shirya. A watan Maris na 2025 Lamine Yamal, ɗan ƙwallon Barcelona, yana ɗan shekara 17, ya ɗauki hoton kansa yana rawa da wannan waƙa, ya sa a TikTok. Mai karatu ya lura, sa'ad da waƙar ta fita Yamal bai wuce shekara bakwai ba. Nan da nan matasan Sifen da sauran ƙasashen Turai suka kama. Ran 26 ga Afrilu, 2025, Barcelona ta ci Real Madrid 3 da 2 a wasan ƙarshe na Kofin Sarki, Skales kuwa ya je Sifen ya rera waƙarsa a shagalin 'yan wasan. Waƙa mai shekara 11 ta koma sabuwa.

Ba shi kaɗai ba ne. CKay, wanda aka haifa a Kaduna a 1995, ya fitar da "Love Nwantiti" a 2019, ta hanyar TikTok ɗin nan ta watsu a 2021, har ta kai ta uku a jerin waƙoƙin Ingila. Shi ma sai da ya koma Ikko.

Kammalawa

Abubuwa biyu nake so mu ɗauka. Na farko, ƙofar da ubangida ke tsarewa ba ita kaɗai ba ce yanzu. Waya ta yi wa mawaƙin yau abin da Rediyon Kaduna ya yi wa su Ɗanmaraya, har ta zarce. Harshe kuma ba shinge ba ne: "Jerusalema" da Zulanci aka yi ta, duniya ta yi rawarta a 2020, kuma a shekarar ne "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta zaga ƙasar Hausa ta hotunan waya. Ashe babu abin da zai hana waƙar Hausa ta yi irin wannan tafiya.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Mu da muka tashi a Kawo da Unguwar Rimi da Tudun Wada, da yawanmu mun ji waɗannan waƙoƙi ba mu san 'yan garinmu ne suka yi su ba. Kaduna ce ta rene su, Ikko ta ci moriyarsu. Muddin yaro mai baiwa, ko daga wane ɓangaren kogi ya fito, ba zai sami inda zai ɗauki murya da wanda zai saurare shi a gida ba, to haka za mu ci gaba da jin labarin namu daga bakin baƙi. Ya kamata mu ɗaliban Hausa mu fara da namu aikin, watau rubuta tarihin mawaƙan garin nan, na dā da na yanzu, tun masu ba da labarin suna raye. Allah ya sa mu dace, amin.