Daga dodon hoto zuwa ɗigon na'ura: tarihin faɗaɗa hoto da amanar fuskokin kakanninmu

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Da wannan karin magana muka karɓi hoto tun shigowarsa ƙasarmu, muka ɗauke shi shaidar da ba a yi mata gardama. Bara ne wani abu ya sa na fara shakkar wannan shaida. Ƙungiyarmu ta raya al'adu tana shirin baje kolin hotunan da, sai wani ɗalibina ya zo da hoton kakarsa, Bagobira, a cikin salula. An ɗauko shi daga tsohon katin shaida, ya bi hannuwa da yawa ta WhatsApp har ya dushe. Yaron ya ce: «Mushe, kar ka damu, akwai manhajar da ke ƙara masa girma, kuma ba abin da zai lalace.» Cikin ƙiftawar ido hoto ya fito tangaran, idanu na ƙyalli, fata sumul. Amma tsagen Gobir da ke tasowa daga gefen bakinta zuwa kunne ya ɓace ɗungum, don na'ura ta ɗauke shi ƙarzunan takarda, ta goge. Da aka nuna wa mahaifiyar yaron sai ta ce: «Wannan kyakkyawa ce, amma ba innata ba ce.»

Alkawarin faɗaɗa ƙaramin hoto ba tare da hasara ba ya girmi salula nesa ba kusa ba. Tarihinsa kuma darasi ɗaya yake maimaitawa: ana iya fito da abin da ke ɓoye a cikin hoto, ba a iya fito da abin da bai taɓa shiga cikinsa ba.

Zamanin dodon hoto

Hoton da Bafaranshe Louis Daguerre ya gabatar wa duniya a 1839 a kan farantin ƙarfe yake, kwaya ɗaya tilo, ba a maimaita shi, ba a ƙara masa girma. Baturen Ingila Henry Fox Talbot ne ya buɗe wata hanya da dabarar da ya yi wa rajista a 1841, wato dodon hoto, wanda Faransawa ke kira négatif, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari, daga gare shi ake wanke hotuna iya son mutum. Duk da haka, shekaru da dama girman hoto girman dodonsa ne, domin ɗora dodon ake yi a kan takarda a haska. Mai son babban hoto sai ya yi dakon babbar kamara da faifan gilashi masu nauyi.

A 1857 wani Ba'amurke, David Woodward, ya yi rajistar wata na'ura mai tara hasken rana ta ratsa dodon hoto, ta jefa surarsa a faɗaɗe a kan takarda. Amma sai a 1925, da fitowar kamarar Leica ta Oskar Barnack a Jamus, faɗaɗawa ta zama ruwan dare. Dodonta milimita 24 ne bisa 36, bai fi babban yatsa ba, ba ya kalluwa sai an faɗaɗa shi a ɗaki mai duhu. Nan ne masu sana'ar suka san iyakar abin. Ƙananan ƙwayoyin azurfa ne ke riƙe da surar a jikin fim. In aka matsa wa faɗaɗawa, sai ƙwayoyin su bayyana kamar tsakin gero, fuska ta narke a cikinsu.

Darasin Bamako

Misalin da ya fi kusa da mu daga Mali yake. Seydou Keïta ya buɗe shagon ɗaukar hoto a Bamako a 1948, ya yi ta ɗaukar mata da adonsu, samari da kekuna da rediyo, har farkon shekarun 1960. Ƙananan hotuna yake ba masu zuwa wurinsa, amma dodonsa babba ne, santimita 13 bisa 18, wato ya ninka na Leica sau 27 a faɗi, kuma ya adana dubbansu. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin New York ba tare da sunansa ba. André Magnin ya bi sawu har Bamako ya same shi, a 1994 kuma aka baje aikinsa a Fondation Cartier a Paris. Daga baya an wanke wasu hotunan har suka zarce mita ɗaya. Masu kallo suka ga zanen atamfa zare-zare, da kitso, da zobba a yatsu, abubuwan da su kansu masu hoton ba su taɓa gani a ƴar takardarsu ba.

Babu sihiri a nan. Duk wannan yana kwance a cikin dodon tun ranar da aka ɗauki hoton. Faɗaɗawa tono shi kawai ta yi. Da Keïta ya zubar da dodanninsa, da ba wanda ya isa ya fito da wannan dukiya daga ƙananan takardun. Mu ma muna da irinsa: Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. A Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa, shagunan hoto nawa ne suka rufe, dodanninsu suka tafi ga zafi da ƙura da gara?

Zuwan ɗigo

A 1957, a wata hukumar awo ta gwamnatin Amurka, Russell Kirsch ya shigar da hoton jaririn ɗansa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Na'urar ta yanyanka shi ƙananan murabba'ai, 176 a tsaye, 176 a kwance. Kowane murabba'i shi ne ɗigon da ake kira fiksel. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya harhaɗa kamara marar fim mai ɗigo 10.000 kacal, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. A 1992 aka amince da tsarin JPEG, wanda ke rage nauyin hoto ta hanyar zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. Salula masu kamara da suka fara yaɗuwa a shekarun 2000, da yawansu ɗigo 640 bisa 480 suke ɗauka.

Mai karatu, mu yi ɗan lissafi irin na aji. Ɗigo 640 sau 480 ya ba da 307.200. Bugu mai kyau yana son ɗigo wajen 118 a kowane santimita, saboda haka wannan hoto bai wuce santimita 5,4 bisa 4 ba, ɗan abin da ya ɗara hoton katin shaida. In muna son rataye shi a bango, santimita 30 bisa 40, muna bukatar ɗigo kusan miliyan 17. Ke nan a cikin kowane ɗigo ɗari na babban hoton, waɗanda kamara ta gani ba su cika biyu ba. Sauran daga ina za su fito?

Amsar farko ita ce kintace na lissafi. Mafi sauƙi, a maimaita kowane ɗigo, hoto ya fito da matakala kamar ginin tubali. Mafi inganci, a duba maƙwabtan gurbin da ake son cikewa a ɗauki tsaka-tsakinsu. Hanyar da Robert Keys ya bayyana a 1981 tana auna maƙwabta 16, kuma har yau manhajojin gyaran hoto na aiki da ita. Matakala takan ɓace, amma hoton ya zama kamar an kalle shi cikin hazon hunturu. Aibinsa a fili yake, shi ya sa bai yaudari kowa ba.

Na'urar da ke cike gurbi da tunaninta

Daga 2014, sa'ad da masu bincike a wata jami'a ta Hong Kong suka koya wa na'ura faɗaɗa hoto ta hanyar nuna mata ɗimbin misalai, al'amarin ya sake kama. Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba ya tsayawa ga tsaka-tsaki. Ya ga fuskoki dubbai, saboda haka in ya tarar da dushi-dushi inda ido ya kamata ya kasance, sai ya zana ido irin wanda ya saba gani. Hoton kan fito da kyau matuƙa, kyaun kuwa aro ne.

A watan Yuni na 2020 duniya ta ga haka ƙarara. Aka ba wata manhaja mai suna PULSE, ta masu bincike na jami'ar Duke, dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar wani farar fata. Fuskokin da aka horar da ita a kansu, galibinsu na Turawa ne. A 2024 wani alƙali a jihar Washington ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara ta wannan hanya a matsayin shaida a shari'ar kisa. In na'ura ta kasa riƙe fuskar tsohon shugaban Amurka, ina ga tsagen Bagobira ko na Ba'are, da aikin wanzamin da ba ta taɓa sani ba? Kama da wane ba wane ba ce.

Ladabin magabata

Malamanmu na da sun san wannan matsala kafin a ƙirƙiri kamara. Mai kwafar littafi da hannu, in ya iso gurbin da babu rubutu a cikin asalin, yakan bar wurin fari, ya rubuta a gefe da Larabci cewa haka ya tarar. Yana da ilimin da zai ƙaga kalmar da ta dace, amma ya san amana ta hana. Masu nazarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, da masu tattara tarihin baka a CELHTO, da wannan ƙa'ida suke aiki: a raba abin da aka tarar da abin da aka ƙara.

Ba ina cewa a guji waɗannan manhajoji ba ne. Don ƙawata allon sanarwa ko hoton biki suna da amfani. Amma hoton da za a kira tarihi yana da haƙƙi a kanmu. A nemi asali tukuna, dodon in akwai, ko takardar farko. A kwafe ta da sikana a ɗigo 600 a kowane inci, kar a wadatu da ɗaukarta da salula. A tura ta a matsayin fayil, domin in aka tura ta a matsayin hoto WhatsApp na rage ta. A rubuta sunan mai hoton da garin da shekarar tun dattawan da suka san shi suna raye. In kuma an gyara da na'ura, a faɗa a ƙarƙashin hoton, a ajiye asalin a gefensa.

A baje kolinmu, ƙaramin hoton nan muka rataye, dushi-dushi, a tsakiyar babbar farar takarda. Sai an matso kusa ake ganinsa. Tsofaffin da suka matso kuwa, tun kafin su karanta sunan suke cewa: «Wannan ƴar Tsibiri ce.»