Samar da Iskar Haidirojin daga Ragowar Makamashin Nukiliya

Wata dabara ce da masana ke gwadawa, inda tururin nukiliya da ke fita daga sandunan yuraniyom da aka gama amfani da su yake farfasa ƙwayoyin ruwa, haidirojin ta fito. Sandunan kan shafe shekaru a cikin tafkunan sanyaya, irin na La Hague a Faransa, suna fitar da ƙarfin da ke tafiya a banza.

Zancen bai yi nisa da birnin Parakou na Jamhuriyar Benin ba. Shekaru da dama, garin yuraniyom ɗin Arlit ta Nijar, inda aka fara haƙa a 1971, ta nan ya riƙa bi zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa. A Zariya kuwa, ƙaramin injin nukiliya na Jami'ar Ahmadu Bello ya mayar wa Sin tsohon makamashinsa a 2018.

Iskar haidirojin da ake samu ta wannan dabara kaɗan ce, shi ya sa ake gwada sinadarai masu ƙara yawanta. Babban abin damuwa shi ne tsaro: haidirojin na kama wuta da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iska, kuma dole a tace ta daga tiritiyom, wani nau'inta mai fitar da tururin nukiliya, kafin ta isa hannun jama'a.